Janar Seyni Kunce (1931-1987): daga barikin Kati zuwa kushewar Fandu

Ran Talata 10 ga watan Nuwamba na shekara ta 1987, Allah ya yi wa Janar Seyni Kunce rasuwa a wata babbar asibiti ta birnin Paris, yana da shekara 56 a duniya. Ya yi shekara 38 cikin kayan soja, 13 daga cikinsu kuwa yana riƙe da ragamar mulkin Nijar. Ya fara aiki a matsayin ƙaramin soja na Faransa, ya ga yaƙi a ƙasashe masu nisa, ya dawo gida ya taimaka aka kafa rundunar ƙasarsa, ya hau mulki da bakin bindiga, ya kuma mutu yana bisa kujera. Tarihinsa tarihin dubban ƴan ƙasar nan ne da suka sa kaki zamanin Nasara, waɗanda jama'a ke kira mazan jiya. Bambancin kawai, shi an rufe gawarsa da tutar ƙasa an busa masa bigila, su kuwa galibinsu sun kwanta a maƙabartun ƙauyukansu ba wanda ya ji labari sai maƙwabta.

Asali da yarinta

An haifi Seyni Kunce ran 1 ga watan Yuli na 1931 a Fandu, cikin ƙasar Tondikandiya, wajen Filinge. Bazabarme ne, ɗan gidan sarauta, daga zuriyar Zarmakoy na wannan yanki. Ƙasar Tondikandiya ƙasa ce ta tudu da duwatsu, ruwan sama ba ya wadata ta kullum, mutanenta kuwa an san su da noman gero da jarunta tun kafin zuwan Turawa. Shekarar da aka haife shi ma shekarar yunwa ce a yammacin Nijar, fara ta cinye amfanin gona, mutane da yawa suka mutu, wasu suka bar gidajensu.

A wancan zamani Nasara kan matsa wa sarakuna su ba da ƴaƴansu a sa su lakwal, don a sami malaman ofis da tafintoci da sojoji. Seyni ya yi karatun farko a Filinge. Tun yana ɗan saurayi aka tura shi makarantar ƴaƴan soja ta Kati, kusa da Bamako, a ƙasar da ake kira Mali yanzu. Daga can ya wuce irin wannan makaranta a Sanluwi ta ƙasar Senegal. A waɗannan makarantu yaro kan tashi da busar asuba, ya gyara shimfiɗarsa, ya yi fareti kafin ya shiga aji, ba a kuwa yafe masa latti ko ƙazanta. Duk wanda ya san Kunce daga baya ya san wannan tarbiyya ba ta sake shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Sojan Faransa

A 1949 ya shiga rundunar Faransa ta ƙasashen mulkin mallaka. Shekara 50 daidai ke nan da ayarin Kaftin Vule da Kaftin Shanuwan, wanda galibin sojojinsa baƙar fata ne, ya ƙone Birnin Ƙwanni ya karkashe mutanenta cikin watan Mayu na 1899. Rundunar da ta shigo ƙasar da wuta, ita ce daga baya ta riƙa ɗibar samarin ƙasar. Kowace shekara kwamanda kan aiko wa sarakuna adadin mazajen da ake bukata, a tara su a bariki, likita ya duba ƙirji da haƙora da ƙafafu, wanda ƙuri'a ta faɗa a kansa ya tafi. Daga Adar da Gobir da Arewa da Damagaram da Zabarma, samari sun tafi yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918, sun tafi na 1939 zuwa 1945, wasu sun dawo da lambobin yabo, wasu da rauni, wasu kuwa ko labarin inda suka faɗi bai iso gida ba.

Lokacin da Kunce ya shiga aiki, yaƙin duniya ya ƙare, amma Faransa ta shiga wasu yaƙe-yaƙe don riƙe ƙasashen da take mulka. Aka kai shi Indoshin, wato yankin Biyetnam da maƙwabtanta, inda aka yi ta gwabzawa daga 1946 har Faransa ta sha kashi a Diyen Biyen Fu a 1954. Aka kuma kai shi Aljeriya, inda yaƙin neman ƴanci ya tashi a ƙarshen wannan shekara. Wannan aiki ne mai nauyi ga ɗan Afirka, domin mutanen da ake sa shi ya yaƙa su ma ƴancin ƙasarsu suke nema, irin wanda ƙasarsa ke shirin nema. Sojojin da suka dawo daga can sun dawo da sanin cewa Nasara ma ana cin su da yaƙi.

A 1957 yana da igiyar saje. Da Faransa ta ga iskar ƴanci ta kaɗa, sai ta buɗe wata makaranta a garin Firejus, a bakin teku kudancin ƙasarta, don koyar da ƴan Afirka aikin hafsa. Kunce yana cikin waɗanda aka zaɓa. Wannan makaranta ta yaye hafsoshi da dama da suka zama shugabannin ƙasashensu daga baya, kamar Matiyu Kereku na Benin da Musa Tarawore na Mali. Firejus tsohon sansanin sojojin Afirka ne, har akwai wani masallaci ja da aka gina musu can bisa fasalin masallacin Jenne. Daga nan ya fito da muƙamin hafsa, daidai lokacin da Nijar ke shirin karɓar mulkin kanta.

Rundunar ƙasa da shekarun fari

Nijar ta zama Jamhuriya ran 18 ga Disamba 1958, ta sami cikakken ƴanci ran 3 ga Agusta 1960, ƙarƙashin Shugaba Jori Hamani. Ran 1 ga Agusta 1961 aka kafa rundunar mayaƙan ƙasa. Ƴar ƙaramar runduna ce, hafsoshinta ƴan ƙasa ba su da yawa, Turawa masu ba da shawara ne ke riƙe da muhimman wurare. Kunce ya bar aikin Faransa ya dawo cikinta a wannan shekara. A 1964 rundunar ta fuskanci hare-haren ƴan Sawaba da suka shigo ta iyakokin kudu da yamma, har da wajen Ƙwanni. A 1965 da 1966 ya koma Paris ƙarin karatun aikin hafsoshi, ya dawo ya zama mataimakin hafsan hafsoshi. A 1973, yana laftanan-kanal, ya gaji Kanal Bala Arabe a shugabancin rundunar.

Tun 1968 ruwan sama ya fara ja da baya a ƙasashen Sahel, abin ya kai matuƙa a 1973. Rijiyoyi suka ƙafe, ciyawa ta ƙare, garkunan Fulani da Buzaye suka zube a hanya. Makiyayan da jiya ke da ɗaruruwan shanu suka sauko garuruwa hannu wofi, aka tara dubbai a sansanin Lazare a gefen Yamai. Ƙasashen duniya sun aiko da hatsin taimako, amma ba ya isa ga mabukata yadda ya kamata, ana ta maganar cewa wasu manyan jam'iyya mai mulki suna karkatar da shi suna sayarwa. Ɗalibai da malaman makaranta suka shiga yajin aiki. Sojojin da ake aikawa cikin karkara da motocin hatsi su ne suka fi kowa ganin halin da talakawa ke ciki.

Cikin daren Lahadi wayewar Litinin 15 ga Afrilu 1974, soja suka kifar da gwamnatin Jori Hamani. An yi musayar wuta a fadar shugaban ƙasa, mutane suka mutu, cikinsu har da uwargidansa Hajiya A'isa Jori. Aka soke tsarin mulki, aka rushe majalisar dokoki, aka hana jam'iyyu. Majalisar Ƙoli ta Soja ta karɓi mulki, Laftanan-kanal Seyni Kunce ne shugabanta, Kwamanda Sani Suna Sido mataimakinsa.

Shekarun aiki

Aikin farko da sabuwar gwamnati ta sa gaba shi ne ciyar da jama'a. Aka fito da hatsin da ke ɓoye cikin sito-sito, aka buɗe wuraren rabo, motocin soja suka yi ta jigila har cikin lunguna. Aka saki fursunonin siyasa, aka yi wa waɗanda ke gudun hijira izinin dawowa gida, har da Jibo Bakari. Cikin makonnin farko kuma Kunce ya nemi sojojin Faransa da ke zaune a Yamai su kwashe kayansu, suka kuwa tafi. Tsohon sajen Faransa ne ya sallami rundunar da ta rene shi, ko da yake bai yanke hulɗa da Paris ba.

Allah ya sa damina ta gyaru, kuma farashin ƙarfen uraniyom ya tashi a kasuwar duniya. An fara haƙar ƙarfen a Arlit tun 1971, aka buɗe mahaƙa ta biyu a Akuta a 1978, gwamnati kuma ta nemi ƙarin rabo daga kamfanonin. Kuɗi suka shigo baitulmali yadda ba a taɓa gani ba. Cikin waɗannan shekaru aka sauke wa talakawa harajin kai wanda ya daɗe yana kora magidanta ci-rani. Aka gina makarantu da ɗakunan shan magani, aka haƙa rijiyoyi, aka cika rumbunan tsimi na ƙasa don tsoron wata yunwar. A Yamai aka gina Fadar Taro da otal ɗin Gaweye. A Anu Araren aka soma haƙar gawayin ƙasa don samar da wutar lantarki ga mahaƙai da Agadas.

Mutanen jihar Tawa suna da abin nunawa daga wannan zamani. Tsakanin 1976 da 1980 aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, fiye da kilomita 600, hanyar da aka sa wa suna hanyar uraniyom. Duk motar da ta ɗauko kayan aiki daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano za ta mahaƙa, ko ta ɗauko ƙarfe za ta teku, sai ta bi ta mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram. Wannan zirga-zirga ta raya kasuwar mararrabar, masu tuwo da masu nama da masu albasa suka sami abin yi dare da rana. A fadamar Majiya kuma aka datse ruwa a Mozage da Zango, aka ja shi ta magudana zuwa matarar Cerasa, aka gyara filin noman rani na Ƙwanni mai faɗin sama da hekta 2000. A Galmi ma aka gyara fili, albasarta ta ƙara suna har ƙasashen gaɓar teku. A 1978 aka kafa ma'aikatar ONAHA don kula da irin waɗannan filaye. Simintin Malbaza, wanda masana'antarsa ta girmi mulkin soja, ya sami kasuwa sosai a gine-ginen lokacin.

Da yake an hana jam'iyyu, Kunce ya nemi wata hanya ta haɗa gwamnati da jama'a. Ya farfaɗo da Samariya, tsohuwar al'adar ƙasar Hausa, kowane ƙauye da kowace unguwa da sarkin samarinta. Ƴan Samariya suka gina azuzuwa, suka yi gayya a gonakin gama-kai, suka share tituna, suka yi wasannin gargajiya. Aka kafa ƙungiyar addinin Musulunci ta ƙasa a 1974, da ƙungiyar matan Nijar a 1975. A wannan shekara ta 1975 aka yi gasar kokawar gargajiya ta ƙasa karo na farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. Daga bisani aka ɗora tsarin da aka kira jama'a mai neman ci-gaba bisa ginshiƙai biyu, Samariya da ƙungiyoyin manoma, da majalisu tun daga ƙauye har zuwa ƙasa baki ɗaya.

Ma'aikatan gwamnati na wancan lokaci ba su manta da shi ba. Yakan fita da sassafe ba sanarwa, ya tsaya a ƙofar wata ma'aikata yana duban agogo, ko ya shiga asibiti ya dubi makwancin marasa lafiya, ko ya sa a buɗe masa sito a ƙirga buhuna a gabansa. Taron da yake yi da manyan ma'aikata ana watsa shi a rediyo da talabijin, darakta ya tashi ya yi bayanin kuɗin da aka damƙa masa, in ya yi inda-inda ƙasa duka ta ji. Wanda aka kama da cin dukiyar jama'a, gidan kaso ne makomarsa.

Tsananin mulki

Wannan horo yana da ɗaya fuskar, tarihi kuwa ba ya cika sai an faɗe ta. Shekara 13 ba majalisar dokoki, ba jam'iyya, ba jaridar da ke iya sukar gwamnati. Ƴan sandan ciki sun bazu ko'ina, mutum kan waiwaya kafin ya yi magana a tasha ko a majalisar shayi. An tsare mutane shekaru ba shari'a, wasu a barikokin da ke can cikin hamada. Jori Hamani ya yi shekara shida a tsare, sa'an nan aka yi masa ɗaurin talala har 1987. Jibo Bakari, wanda aka yi wa maraba a 1974, an kama shi a 1975.

Cikin rundunar kanta ma ba a zauna lafiya ba. A watan Agusta 1975 aka kama Kwamanda Sani Suna Sido bisa zargin ƙulla makirci, ya mutu a tsare a Agadas a 1977. Ran 15 ga Maris 1976 Kwamanda Bayere Musa da Kaftin Sidi Mohammed, tare da shugaban ƙungiyar ƙwadago Ahmed Muddur, suka yi yunƙurin juyin mulki, bai yi nasara ba, kotun soja ta yanke musu hukuncin kisa, aka harbe su. Waɗannan hafsoshi abokan bariki ne, wasunsu tare aka yi daren 15 ga Afrilu, amma sun bar duniya ba tuta ba bigila. A farkon Oktoba 1983, Kunce yana taron shugabannin Afirka da Faransa a garin Vitel, amininsa kuma mai ba shi shawara kan tsaro, Amadu Umaru Bonkano, ya nemi kifar da shi. Sojojin da suka tsaya kan biyayya suka murƙushe yunƙurin, Bonkano ya tsere ƙasar waje. Tun daga nan shugaban ya ƙara janye jikinsa daga mutane.

Shekarun ƙarshe sun zo da wuya. Farashin uraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, bashin da aka ci lokacin wadata ya zama kaya, a 1983 gwamnati ta shiga yarjejeniyar tsuke bakin aljihu da Asusun Lamuni na Duniya. A 1984 fari ya dawo da ƙarfinsa. A cikin wannan shekara Nijeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai 1986, kasuwanci tsakanin Ƙwanni da Illela ta Sakkwato ya tsaya cik, ga kuma dubban ƴan ci-rani da aka koro gida. Gwamnati ta yi kira ga noman rani, kowace fadama da kowane tabki aka kewaye su da shingen ƙaya aka shuka kabeji da dankali da alkama. A Maraɗi aka yi babban taron yaƙi da hamada cikin watan Mayu 1984, a Keita kuma aka soma aikin farfaɗo da ƙasa da taimakon Italiya. An sha wuya, dabbobi sun mutu, amma rumbunan tsimi da saurin rabon taimako sun rage asarar rayuka. A siyasa kuma ya fara sassautawa kaɗan-kaɗan: ya naɗa farar hula firaminista a 1983, Mamman Umaru da farko, sa'an nan Hamid Algabid, ran 14 ga Yuni 1987 kuma jama'a suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da Kundin Ƙasa.

Ciwon ajali da jana'iza

A ƙarshen 1986 ciwo ya bayyana a jikinsa. Likitoci suka gano ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Cikin 1987 ya yi ta kai da kawowa tsakanin Yamai da Paris, yana komawa ofis duk lokacin da ya sami sauƙi, jama'a na ganin ramarsa a talabijin suna yin shiru. Ran 10 ga Nuwamba rai ya yi halinsa. Hafsan hafsoshi, Kanal Ali Saibu, wanda shi ma ɗan makarantar ƴaƴan soja ne, ya riƙe ƙasa, ran 14 ga wata Majalisar Ƙoli ta tabbatar da shi shugaba.

Aka ɗauko gawar cikin jirgin sama zuwa Yamai, ƙasa ta shiga makoki, aka sassauto da tutoci. Aka yi masa jana'izar ƙasa gaban rundunarsa da baƙi daga ƙasashen waje da ɗimbin jama'a. Ba a rufe shi a babban birni ba. Aka bi hanyar Filinge da shi, aka kai shi Fandu inda aka yanke cibiyarsa, aka sa shi cikin ƙasar kakanninsa.

Jana'izar soja Musulmi haƙƙi biyu ce ke haɗuwa a cikinta, kowane da masu shi. Na farko haƙƙin runduna ne. Akan lulluɓe akwatin gawa da tutar ƙasa mai ruwan goro da fari da tsanwa, abokan aikinsa su ɗauke shi a kafaɗa da tafiyar fareti mai nauyi, a ɗora hularsa da lambobin yabonsa bisa matashi a gaba. Wani babba ya karanta tarihin aikinsa, ranar da ya shiga, barikokin da ya zauna, yaƙin da ya gani. Masu gadi su ɗaga bindigogi, mai bigila ya busa busar matattu, kowa ya ƙame ya yi shiru. Yawan sojojin da ke tsayawa ya danganta da muƙamin mamaci. Na biyu haƙƙin addini ne, shi kuwa bai san muƙami ba. Wanka, da likkafani fari, da salla mai kabbara huɗu ba ruku'u ba sujada, da kwanciya bisa hannun dama ana fuskantar alƙibla. In soja sun gama nasu sai su ja da baya, liman ya matso. Tuta ba ta shiga kabari, akan naɗe ta a ajiye. Janar da kurtu, da yadi ɗaya ake sallamar su.

Sauran mazan jiya

Abokan tafiyar Kunce na Indoshin da Aljeriya, da yayyensu na yaƙin duniya, ba su sami irin wannan rakiya ba. Waɗanda suka faɗi a fagen fama an rufe su inda suka faɗi. A Shasele, kusa da birnin Liyon, akwai maƙabarta mai jan gini irin na ƙasar Sudan, inda aka rufe sojojin Afirka 188 da Jamusawa suka kashe a watan Yuni 1940. A Caroy, kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa ne da kansu suka buɗe wuta kan tsoffin fursunonin yaƙi ƴan Afirka da ke neman haƙƙinsu na kuɗi, har yau kuwa ana gardama kan yawan waɗanda suka mutu. A 1986 da 1987, daidai lokacin da Kunce ke jinya, Faransa ta kwaso ƙasusuwan sojojinta fiye da 20,000 daga Biyetnam, ta gina musu makwanci a Firejus, garin da ya yi karatun hafsa, aka buɗe wurin a 1993. Cikinsu akwai ƴan Afirka.

Waɗanda suka dawo da rai kuwa sun tarar da wata wahalar. A ƙarshen Disamba 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da suka sami ƴanci. Kuɗin Bafaranshe na ƙaruwa kowace shekara, na ɗan Afirkan da suka kwana rami ɗaya yana nan inda yake. Sai a 2001 babbar kotun Faransa ta ba wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadu Jop, gaskiya, bayan ya riga ya rasu. Aka gyara wani sashe a 2007, aka daidaita sauran daga 1 ga Janairu 2011. Kafin nan yawancin masu haƙƙin sun kwanta dama. A garuruwa irin su Ƙwanni da Madawa da Illela da Tawa, dattawa na tuna su: tsofaffi masu jar dara da lambobi a ƙirji, waɗanda kan jeru a gaba ranar bikin ƙasa, in ɗayansu ya rasu sauran su saka tsohon kakinsu su raka shi, ɗaya ya riƙe tutar ƙungiyarsu a bakin kabari.

Nijar tana da ofishin kula da mazan jiya da waɗanda yaƙi ya shafa, ƙarƙashin ma'aikatar tsaron ƙasa. Amma ofis ba ya aiki sai da takarda. Iyali da yawa sun yi asarar haƙƙinsu don littafin soja na maigida ya ɓace ko gara ta ci shi, ko don ba a je an yanki takardar shaidar mutuwa cikin lokaci ba, ko don auren ba a rubuce yake ba. Adana waɗannan takardu aikin iyali ne, sanar da hukuma da barikin da ke kusa in tsohon soja ya rasu aikin mai gari ne, saurin sa hannu kuwa aikin ma'aikaci ne. Maganar ba ta tsufa ba, domin rundunar da aka kafa a 1961 tana ci gaba da ba da jini. Ran 10 ga Disamba 2019 sojoji 71 suka kwanta dama a harin Inates, aka rufe su jere da juna a filin shahidai na sansanin jiragen sama na Yamai, kowane da tutarsa, kowane kuma ya bar uwa ko mata ko marayu.

Abin da ya bari

Bayan rasuwarsa Ali Saibu ya saki fursunonin siyasa, ya sassauta mulki. Taron Ƙasa na 1991 ya tone laifuffukan zamanin soja, iyalan waɗanda aka kashe ko aka tsare suka sami bakin magana. Duk da haka sunan Kunce bai gushe ba. Babban filin wasanni na Yamai da aka buɗe a 1989 sunansa yake ɗauke da shi, haka ma gada ta uku bisa kogin Kwara da aka buɗe a 2021. Ran 10 ga Nuwamba dangi da tsoffin abokan aiki da wakilan hukuma kan taru a Fandu su yi masa addu'a. Har gobe ƴan Nijar sun rabu a kansa. Manomin da ya ci hatsin rabo a 1974 da ɗan wanda aka ɗauke da dare bai dawo ba, ba za su ba da labari iri ɗaya ba, kowannensu kuwa abin da ya gani yake faɗi. Hisabi na Allah ne.

Allah ya jiƙan Seyni Kunce, ya gafarta masa kurakuransa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a zamaninsa, da dukan mazan jiya, na Fandu da na Tsarnawa da waɗanda ke kwance a ƙasashen da iyayensu ba su taɓa jin sunansu ba. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, amin.